Fashin baƙi: Wai bayan yaushe ya kamata a yi wa mota juyen baƙin mai?

Wai shin duk wata ake yi wa mota juye, ko sai bayan wata uku, ko sai ta ci kilomita 5,000, ko kuwa masu cewa man zamani yana shekara guda cur a cikin inji ba abin da zai same shi su ne da gaskiya? Gardamar nan ta daɗe, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, farashin galan ɗin baƙin mai ya yi tashin gwauron zabi, sai maganar ta dawo sabuwa fil. Da can mutum ba ya ma tambaya, bakanike na cewa "Alhaji lokacin juye ya yi fa" sai a miƙa kuɗi kawai. Yanzu kuwa kowa sai ya tsaya ya yi lissafi, wani ya ja abin har wata takwas yana ta addu'a, wani kuma yana nan kan bakansa na duk ƙarshen wata amma ya sauka daga man galan ya koma na kwalba da ake aunawa a bakin titi. Duk su biyun akwai gyara, amma na biyun ya fi ban tsoro, za mu zo kansa.

Abin da ya hana a daidaita shi ne kowane ɓangare yana riƙe da guntun gaskiya, sannan tambayar ma a dunƙule ake yin ta, ba a faɗin wace mota, wane mai aka zuba mata, kuma wane irin aiki take yi.

Aikin da baƙin mai yake yi, da abubuwan da ke gajiyar da shi

Kowa ya san mai ne ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. Fistin yana hawa yana sauka sau dubbai a minti guda, kiranshaf yana juyawa a kan metal ɗinsa, kuma abin da ya raba su ɗan siririn mai ne da bai kai kaurin silin gashi ba. To amma ba nan aikinsa ya tsaya ba. Shi ke kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa kamar ƙarƙashin fistin, shi ke wanko dattin ƙonewar fetur ya riƙe a jikinsa, shi ke toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin ringi da bangon silinda, ya kuma hana cikin inji tsatsa.

Abin da ke cikin galan ɗin nan kashi biyu ne, akwai asalin man, sannan akwai sinadaran da kamfani ya haɗa masa, na wanki, na kashe kaifin asid, na kare ƙarfe daga cinyewa. Sinadaran nan su ne ke ƙarewa a hankali, shi ya sa za ka ga mai cike a geji, wato sandar da ake zarowa a duba yawan mai, yana da santsinsa, amma aikin da aka saye shi dominsa ya daina yi.

Abu na farko da ke cinye shi zafi ne. Masana mai suna da wata ƙa'ida ta kusan-kusan, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin lalacewar mai. Duk wanda ya taɓa lura da man suyar ƙosai da aka yi ta maimaitawa ya gane abin, yana yin duhu, ya yi kauri, ya fara danƙo a gefen kasko. Na biyu kuma wanda mutane ba su cika sani ba, ruwa ne da ɗanyen fetur. Ƙonewar fetur tana fitar da tururin ruwa, shi ne kake gani yana ɗiga a salansa da sassafe, kuma wani kaso na tururin nan tare da fetur ɗin da bai ƙone ba yana silalewa ta gefen ringi ya sauka cikin mai. In mota ta yi doguwar tafiya inji ya ɗau zafinsa sosai sai su ƙafe su fita, in kuwa daga gida ne zuwa makarantar yara a dawo a kashe, to suna nan suna taruwa. Na uku ƙura, wannan kam mu ba sai an yi mana bayani ba, duk wanda ya yi tuƙi a hunturu tsakanin Gashuwa da Nguru ko hanyar Damagaram ya san abin da mota ke shaƙa. Sai ingancin fetur ɗin kansa. An daɗe ana shigo mana da mai mai yawan sulfa, ninkin-ba-ninkin abin da aka yarda da shi a Turai, kuma sulfa in ta ƙone ta haɗu da ruwa asid take komawa. An ƙara tsaurara ƙa'ida a 'yan shekarun nan, amma wanda ke sayen fetur a jarka wajen 'yan bumburutu ba shi da tabbacin komai.

Daga ina aka samo "kilomita 5,000 ko wata uku"?

Wannan lissafin daga Amurka ya taso, can mil 3,000 suke cewa, wanda ya kama kusan kilomita 4,800, aka cike shi ya zama 5,000. A zamanin da aka kafa shi daidai ne, injunan lokacin masu kafireto ne, suna zubar da fetur da yawa cikin silinda, man lokacin kuma bai kai na yanzu juriya ba. Irin motocin da iyayenmu suka hau kenan, Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, Beetle, tsofaffin Marsandi, kuma a kan irinsu manyan bakanikenmu suka koyi aiki suka koya wa yaransu.

Daga baya inji ya canza, kwamfuta ta karɓi aikin auna fetur, mai ma ya canza, sai kamfanonin mota suka dinga tsawaita wa'adin. Masu shagunan juye a Amurka kuwa suka ci gaba da liƙa wa mutane sitikar mil 3,000 saboda ai cinikinsu ne, har sai da gwamnatin jihar California ta fito da kamfe na musamman tana roƙon mutane su daina zubar da mai mai sauran rai, su duba littafin motarsu. To wannan labarin ne samarinmu ke karantawa a intanet su zo majalisa suna cewa bakanike cutar mutane yake. Ba ƙarya suka karanta ba, rabin shafin suka karanta.

Shi kuma "duk wata" ɗin da ya zama ruwan dare a wajenmu, ni a ganina daga tasha ya fito, wajen direbobin haya, su kam sun fi wata ɗaya ma gaggawa kuma suna da hujja. Matsalar ita ce an ɗauko dokar motar haya an ɗora wa motar gida.

Littafin mota layi biyu gare shi, mu a na biyu muke

Nan ne zuciyar maganar. Kusan duk littafin da ke zuwa da mota yana da jadawali biyu, ɗaya na tuƙin yau da kullum, ɗaya na yanayi mai tsanani. Ɗauki Toyota tunda ita ta cika titunanmu. A Amurka, yawancin motocinta na baya-bayan nan masu shan sintetik 0W-20, wato man zamani mai ruwa-ruwa da ya fi daɗewa, an ce a yi musu juye duk mil 10,000 ko wata 12. Wannan shi ne layin da ake yawo da shi. Amma a ƙasan wannan layin an rubuta cewa in ana tuƙa motar a hanyar ƙasa ko mai ƙura, ko tana jan kaya masu nauyi, ko inji yana yawan aiki a tsaye da tafiyar a-hankali mai tsawo irin ta tasi da motar 'yan sanda, to wa'adin ya dawo mil 5,000 ko wata 6.

Yanzu dan Allah ka karanta sharuɗɗan nan ka faɗa min wace mota ce a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ta tsira. Unguwanninmu da yawa kwalta a bakin babban titi ta tsaya, hazo yana wata uku yana sauka, a bazara zafi yana haura digiri 40, ga lodi, motar mutum biyar a cusa tara a ɗaura buhu a but. Wanda ke bin go-sulon Mararaba da Nyanya kullum safe da yamma, mitarsa ba ta nuna wata tafiyar kirki amma injinsa ya yi awa biyu yana aiki da esi a kunne. Kamfanin Ford ma a lissafinsa na motocin aiki yana ɗaukar awa guda ta aikin inji a tsaye a matsayin tafiyar kilomita 40 zuwa 50. Kaga kenan abin da su suke kira yanayi mai tsanani, shi ne tuƙinmu na yau da kullum, saboda haka lambar da ta shafe mu ita ce ƙaramar, ba babbar ba.

Sannan kar a manta da kalmar "ko". Kilomita kaza ko wata kaza, duk wanda ya riga cika. Ba zaɓi aka ba ka ka ɗauki wanda ya fi maka sauƙi ba.

Akwai wani ruɗani kuma da ke cin mutane shiru, shi ne mil da kilomita. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, waɗanda su ne akasarin 'yan kwatanon da muke hawa, mitarsu da mil take ƙirga, na Turai da Japan kuma kilomita. Mil guda kilomita 1.6 ne. To bakanike ya ce maka ka dawo bayan dubu biyar, shi kilomita yake nufi, kai kuma kana kallon mita mai mil, ka ga ka ci kilomita 8,000 ba ka sani ba. In man sintetik ne mai kyau ba komai, in na gama-gari ne to ka wuce gona da iri. Ka leƙa gefen lambar a dashbod, za ka ga an rubuta km ko mi.

Direban tasha da ma'aikacin ofis ba lissafinsu ɗaya ba

Direban da ke Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230 ne zuwa, ya je ya dawo a rana ya ci 460, cikin kwana 11 ya cike 5,000. Shi in ya ce duk sati biyu yake juye ba almubazzaranci ya yi ba, kilomita ce ta riga cika. Abin mamakin ma shi ne mansa ya fi na ɗan cikin gari jin daɗi, saboda inji yana kan zafi ɗaya, iska tana bugun lagireto, ruwa da fetur ba sa samun zama a ciki.

Ma'aikaci kuwa da ofishinsa bai wuce kilomita 10 daga gida ba, ko da ya haɗa da kasuwa da zumuncin ƙarshen mako da ƙyar ya yi 600 a wata. In ya ce sai ya cike 5,000 to zai haura wata takwas, kuma duk gajerun tafiye-tafiye ne masu tara ruwa, shi wata ne zai riga cika masa. In kuma ya bi "duk wata" to yana zubar da man da bai ci ko kilomita dubu ba, galan 12 a shekara a inda biyu zuwa huɗu sun isa. Haka motar Hajiya da ke ajiye a rumfa sai ranar biki ake fito da ita, ita ma ba za a ce tunda ba ta tafiya mai ba ya tsufa ba, yana shan iska da danshi yana lalacewa a zaune, kar a bari ya haura shekara ko da ba ta je ko'ina ba.

Motocin Honda da wasunsu na bayan 2006 suna nuna kashi nawa cikin ɗari ya rage wa mai, in ya sauko 15 sai alamar sifana ta kama. Yana da amfani, amma a san cewa kwamfutar ba ɗanɗana man take ba, lissafi take yi da juyawar inji da zafinsa, ba ta san ƙura ba, ba ta san ko jabu aka zuba ba, tana ɗauka man da kamfani ya ce shi ne a ciki. In kuma ba a goge lissafin bayan juye ba, to duk abin da take nunawa shirme ne.

Lambobin jikin galan, da rigimar mai mai kauri

Mai iri uku ne a kasuwa, na gama-gari wanda aka tace daga ɗanyen mai kai tsaye, sai sintetik wanda aka ƙara sarrafawa sosai ya fi jure zafi ya fi daɗewa, sai haɗin gambizar su biyun. Lambar da kake gani kamar 5W-30 ko 20W-50 maganar kauri ce, ta farko mai W tana nuna yadda man ke gudana in inji ya yi sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a zafin digiri 100. Sannan akwai wasu haruffa bayan kalmar API a jikin galan, su kuma matakin inganci ne, SL na 2001 ne, SM 2004, SN 2010, SP 2020, sabo yana maye gurbin tsoho a motar fetur. In ka ga galan an rubuta SF ko SG, wannan matakin motocin shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ne.

To ga rigimar. Bakanike da yawa za su ce maka mai mai ruwa-ruwa na ƙasar sanyi ne, nan zafi ake, a zuba 20W-50 kawai. A tsohuwar Peugeot ko Golf da ta sha duniya maganarsu tana kan hanya. Amma injin zamani irin masu VVT-i hanyoyin man cikinsa ƙanana ne, kuma da ƙarfin man ake sarrafa lokacin buɗewar bawul, in ka ɗura masa mai kauri yana ɗaukar lokaci kafin ya hau sama da safe, a 'yan daƙiƙun nan ne kuwa ƙarfe ya fi cinyewa, ga ƙarin shan fetur. Kuma cikin inji mai lafiya zafinsa wajen digiri 90 ne ko a Kanada yake ko a Agadas, tamostat da fanka ne ke riƙe shi a haka. Gaskiya ne wasu littattafan suna ba da damar hawa mataki guda a ƙasashe masu zafi, amma daga 0W-20 a yi tsalle zuwa 20W-50 ba mataki guda bane. Lambar tana rubuce a murfin da ake zuba mai na motoci da yawa, ka duba.

Tunda an ambaci tamostat, cire shi da ake yi da zarar mota ta iso a haɗa fanka dairek, wai don kar ta yi zafi, yana daga cikin abin da ke saurin ɓata mai. Inji ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa, kwamfuta tana ta ƙara fetur tana zaton har yanzu safiya ce, fetur ɗin yana gangarawa cikin mai.

Launi ba hujja bane

Kowa ya san yadda ake yi, a zaro geji, a shafa a yatsa, a murza, a ce "kai Alhaji man nan ya mutu, dubi yadda ya yi baƙi". Baƙin da ya yi alama ce yana aikinsa na ɗauke datti. Motar dizal ma kwana biyu da juye za ka ga ya koma baƙi ƙirin kuma lafiyarsa ƙalau. Man da ya yi wata uku yana nan garau shi ya kamata ka yi wa kallon tuhuma, wataƙila ba sinadarin wanki a cikinsa. Yatsa ba ya gane ko sinadari ya ƙare.

Abin da ido da hanci za su iya gaya maka daban ne. In ka ga man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, yawanci gasket ɗin sama ne ya ƙone, wannan ba juye zai magance shi ba. In yana warin fetur sosai kuma ya tsinke, ko ka ga geji yana ƙaruwa maimakon raguwa, fetur ne ke sauka. In kana ganin ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, to ciki ya fara cin kansa.

Jabun mai da jabun filta

Nan ne na ce za mu dawo. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama gurɓataccen baƙin mai a kasuwannin ƙasar nan, wani asalin mai ne zalla ba a haɗa masa sinadari ko ɗaya ba, wani kuma tsohon da aka juye ne aka tace aka ɗura a galan mai sunan babban kamfani. Irin wannan ko duk sati kake canza shi bai kare maka inji ba, saboda tun ranar farko ba shi da abin karewar. Shi ya sa ni a wajena wanda ya sayi mai na gaskiya ya kai shi wa'adinsa ya fi wanda ke juye duk wata da man da bai san asalinsa ba, nesa ba kusa ba, kuma in aka yi lissafin shekara sau da yawa shi ne ma ya kashe kuɗi kaɗan. Ba dole sai na waje ba, akwai kamfanonin da ke haɗa mai a cikin gida, har a Kano da Ilori, abin nema shi ne a saya a gidan mai ko wajen dila da aka sani, a duba hatimin murfi, kuma in farashi ya yi araha fiye da hankali a ajiye shi.

Filta ma haka. Wasu sai a yi juye biyu ko uku da filta ɗaya, alhali in ta toshe akwai ƙofar da ke buɗewa a cikinta mai ya dinga wucewa ba tacewa, kai ba ka sani ba. A canza ta duk juye. Ita kuma filtar iska ita ce mai gadin ƙura, a hunturu a dinga duba ta, kuma hura ta da iskar falkanaiza mai ƙarfi yana iya yaga takardar, in ta yage ƙasa kai tsaye take shiga silinda.

Abin da sakaci ke jawowa

Man da ya wuce lokacinsa yana daskarewa ya zama wani baƙin danƙo da ke toshe rariyar famfon mai da ƙananan hanyoyi, daga nan sai ƙara da safe, sai hayaƙi, sai shan mai, ƙarshe inji ya buga a fara zancen Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wani, kuɗin da ya ninka na juyen shekaru. Wasu injunan ma sun fi wasu saurin kamuwa. Toyota ta sha wannan rigimar a Amurka kan injin 2.2 da V6 mai 3.0 na wajen 1997 zuwa 2002, waɗanda ke cikin Camry, Sienna, Avalon, Lexus ES300 da RX300, masu motoci suka ce ƙirar ce, kamfani ya ce jinkirin juye ne, aka je kotu aka sasanta a 2007. Motocin nan kuwa har gobe suna cike da titunanmu, Sienna ma ita ce ta haya, mai irinsu bai kamata ya yi wasa da wa'adi ba.

Sai dai injunan da suka buga saboda mai ya ƙare a ciki ba su da iyaka, kuma wannan ba ruwansa da ranar juye. Tsohuwar mota tana shan mai, Camry mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009 ma an san ta da wannan tun tana sabuwa. Tsakanin ɗigo biyun da ke jikin geji kusan lita guda ce. A duba duk sati, a fili mai daidai, inji a kashe ya ɗan huta, a zaro a goge a mayar a sake zarowa. Ita kuma jar fitilar nan mai kamar buta ba cewa take mai ya ragu ba, cewa take ƙarfin mai ya faɗi, in ta kama kana tafiya ka gangara ka kashe nan take, ba "bari in ƙarasa gida" ba.

To nawa ne lambar?

In littafin motarka yana nan, ko ka sauke shi a waya, layin yanayi mai tsanani shi ne naka. In babu, ga abin da nake gani daidai da yanayinmu. Mai na gama-gari na gaskiya, kilomita 5,000, in kuma tuƙin cikin gari ne zalla kar ya wuce wata uku zuwa huɗu. Sintetik na gaskiya, kilomita 8,000 ko wata 6, mai yawan doguwar tafiya a kwalta da lafiyayyen inji zai iya kaiwa 10,000. Mai turbo, da mai shan mai, da mai aikin ƙauye, su tsaya a ƙaramar lamba. Wanda ya sayi 'yar kwatano kuwa ya yi juye kafin komai, bai san yaushe aka zuba na ciki ba, motar ta daɗe a jirgi da tashar ruwa, mitar ma ana mayar da ita baya.

Ranar juyen ka tsaya a wajen, ba don rashin yarda ba. Inji ya zama da ɗuminsa don man ya zubo sosai, a ba shi lokaci ya tsiyaye. In an kwance tsohuwar filta a duba robarta ba ta maƙale a jikin inji ba, in aka ɗora sabuwa a kan tsohuwar roba mai zai yi ta feshi a hanya. A shafa wa sabuwar robar ɗan mai, a ɗaure da hannu. Kar a yarda a wanke cikin inji da kananzir ko dizal, kuma ba sai an juye galan duka ba, Corolla wajen lita 4 take sha, in ka sayi mai lita 5 ragowar ta ƙari ce, cikawa fiye da kima yana sa mai kumfa ya kuma fasa sil. A tayar da mota, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, a kashe a sake duba geji, sannan ka rubuta kwanan wata da lambar mita a waya ko a takarda cikin aljihun mota.

Tsohon man da aka juye kar a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kaɗan ɗinsa yana ɓata ruwa mai yawan gaske, kuma shafa shi a ciwo ko a ƙazuwar dabba da wasu ke yi ba magani bane, akwai gubar ƙonewa da garin ƙarfe a cikinsa. Galan ɗin da ka gama da shi kuma kar ka bar shi a gareji lafiyayye da murfinsa, ka tafi da abinka ko ka sa wuƙa ka huda shi, irinsa ake bi ana saye a cika da wani abu a sake liƙewa.